Munduwar Yaya

Mijina direban babbar mota ne, kuma in aka ga ya kwana biyu a jere a gida, to motar ce ke gareji. Tun yana yaro ake kiransa Tsinke, don ko saniya guda ya cinye ba a ganin inda ta shiga. Ga hayaniya. Tun daga bakin layi ake jin ya dawo, yana tsokanar masu shaguna ɗaya bayan ɗaya, ya shigo falo ya same ni a kan keken ɗinki ya ce in tashi haka nan kafin in yi tsatsa tare da ƙarfen. Ni kuwa ba na bari ta kwana, nan take nake rama masa. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da nake aure kafin munduwar nan ta shigo mana gida.

Wansa, wanda duk muke kira Yaya, mai gyaran wuta ne. Ya yi wa wani jerin shaguna wayarin, wuta ta tashi ta cinye su, mai gadin wurin ma ya ƙone a hannu da baya. Kotu ta ce sakacinsa ne. Da a da ne, gidan yari zai wuce kai tsaye. To a shekarar aka fito da sabuwar dokar rage cunkoso, wadda ta ce mai ciwo ko wanda bai yi laifi da gangan ba ana iya yi masa ɗaurin talala a gida, a ɗaura masa wata baƙar na'ura a idon sawu tana sanar da wani kamfani duk inda yake. Yaya na fama da ciwon suga, matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, ga shi a ɗakin haya da wuta ba ta zama. Doka kuwa ta ce sai gida mai wuta, sai kuma wanda zai tsaya masa. Tsinke ya ɗaga hannu tun alƙali bai rufe baki ba. Magatakarda ya karanta masa sharaɗin a fili, cewa in ɗaurarre ya gudu, ko aka taɓa na'urar, wanda ya tsaya masa ne zai ƙarasa sauran wa'adin, kuma a gidan yari ba a gida ba. Na yi ta harararsa daga kan benci, ko kallona bai yi ba.

Shi Tsinke ne ya sa wa na'urar suna munduwa. Ya ce Yaya ya tsufa bai yi kwalliya ba, ga gwamnati ta yi masa kyauta. Jami'in da ya ɗaura ta kuwa muka sa masa Mai Jaka, saboda jakar kayan aikin da ba ya rabuwa da ita. A cikinta makullin munduwar yake.

Soket ɗaya ne mai kyau a falonmu, inda nake jona keke da dutsen guga. Ita kuma munduwar kullum sai ta sha caji, kuma ba a cire ta, sai dai mutum ya zauna kusa da bango da waya a ƙafa kamar akuya a turke. Yaya ya jawo kujerar roba ya ajiye a nan, wurin ya zama nasa. Na ji haushi da farko, ba zan ɓoye ba. Ga mai gyaran wuta guda a gida, amma ba damar ya ƙara mini soket, don kotu ta ce kada ya sake taɓa wayar wuta. Sai dai mutum ne da ba a iya riƙe shi da fushi. In na gama guga na ce Yaya soket ya samu, sai ya ce to madalla, ya ja ƙafar hagu ya zo ya zauna. Bai taɓa leƙa ɗakina ba. In zai shigo falo sai ya yi gyaran murya ya yi sallama, in ya tarar kaina ba ɗankwali sai ya juya yana kallon bango har in ɗaura. Sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba, maman yarinya yake ce mini, don 'yarmu ɗaya ce, ita kuma tana kiransa Baba Babba. Shayinsa ba sukari, maganarsa a hankali kamar ana sayar masa da kalmomin.

Iyakarsa famfon tsakar gida, wanda ke dab da ƙofar waje. Da ya gota shi sai munduwar ta fara kaɗa masa ƙafa, wayar da suka ba shi ta yi ƙara, wata yarinya daga kamfanin ta kira cikakken sunansa ta ce ya koma ciki. Ko bai gota ba, kullum da safe sai ta kira ta ji muryarsa.

Ya cinye kusan rabin wa'adinsa ciwon ya taso masa da ƙarfi. Ya rame har munduwar tana yawo a ƙafarsa. Wata rana da hantsi na ce Yaya a ɗan ba ni soket in yi guga, bai amsa ba. Yana zaune a kujerarsa, kansa jingine da bango, koren hasken munduwar yana ƙiftawa, alamar ta cika. Allah ya sa Tsinke na gida. Likitan da ke zuwa duba shi ya zo ya tabbatar, ya rubuta mana takardar rasuwa ya tafi.

A makon ne ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki, aka datse ƙofar kotun da kwaɗo. Mu dai ba mu ɗauka abin ya shafe mu ba. Masu wanka na cikin ɗaki da gawar, ni ina tsakar gida da mata, sai muka ji wani irin kuka siriri mai huda kunne. Ashe sabulu ne ya taɓa ƙafar, ga rama, munduwar ta zame ta dunduniya ta faɗo ƙasa. Tsinke ya fito da ita a hannu tana ta kuka, ya miƙa mini don ya ɗaga wayar da ke ƙara. Abin da ba zan manta ba, ɗumi gare ta, irin ɗumin abin da aka daɗe da riƙewa a tafin hannu, alhali ƙafar da ta fito daga ciki ta daɗe da yin sanyi.

Yarinyar kamfanin ta ce na'ura ta rabu da fata, a mayar da ita yanzu, in ba haka ba rahoto zai tafi wurin 'yan sanda da kansa cewa an cire ta. Tsinke ya ce mata mutumin ya rasu. Ta ce Allah ya jiƙansa, amma ita ba ta da hurumin rubuta mutuwa, sai alƙali ya ba da umarni. Ya ce kotu a rufe take. Ta ce ta sani. Muka kira Mai Jaka, ashe ya yi tafiya ba da sanin ofishinsu ba, ya ce ko tashi sama zai yi ba zai iso ba sai jibi. Sai ya rage murya ya ce:

"Na'urar nan ba ta san fuska ba, ɗumin jiki kawai ta sani. A samu mai siririyar ƙafa ya riƙe mana ita zuwa jibi, in na zo in buɗe."

Ga gawa na jira, ga mutane cike da ƙofar gida, ga abu na kuka a hannuna. Na ce wa Tsinke kada ya sa. Wallahi na faɗa, har sau biyu. Ya ce to in bai sa ba yau a ofishin 'yan sanda zai kwana, wa zai karɓi gaisuwa? Ya zauna a bakin famfo ya goga sabulu a dunduniya, ya tura, ta shige kamar don shi aka yi ta. Kukan ya tsaya, koren hasken ya dawo. Bai tuna da maganar iyaka ba sai da aka ɗauko makara. Ya biyo ta a baya, yana gota famfo ƙafar ta fara kaɗawa, waya ta yi ƙara. Nan ya tsaya yana kallo aka fita da wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, bai raka shi ko bakin layi ba. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ranar.

Jibi ta yi, Mai Jaka ya zo da jakarsa amma bai buɗe ta ba. Ya ce ya yi tunani, makullin ma yana kai rahoton duk lokacin da aka yi amfani da shi, kuma ba a buɗewa sai da umarnin kotu. In ya buɗe yanzu za a ga munduwa ta ci gaba da yawo a gida bayan ranar da likita ya rubuta, shi aikinsa ya tafi, Tsinke kuma gidan yari. A yi haƙuri a janye yajin aikin, zai san yadda zai lallaɓa. Na wanke shi tas, na ce kai ka kawo shawarar, yanzu ka zame ka bar mu rana zafi inuwa ƙuna. Ya sunkuyar da kai ya ɗauki jakarsa. Bayan fitarsa muka gwada sabulu, muka gwada man shafawa, muka gwada leda. Mutumin da ya saba taka birki da kuloci yini guda ya zauna wuri ɗaya, ƙafar ta kumbura, munduwar ta zauna daram.

Makonnin farko gidan ya yi masa kaɗan. Daga falo zuwa famfo, daga famfo zuwa falo, yana tsaki, yana kiran abokan aikinsa yana tambayar wa aka ba motarsa. Ya hana ni ɗinki da surutu. Da safe in yarinyar kamfanin ta kira sunan Yaya, sai ya ƙanƙance murya ya ce na'am, to madalla, yana ƙifta mini ido. Ya iya kwaikwayon sosai, har nakan toshe baki kada ta ji dariyata, daga baya kuma in ce Allah ya yafe mana. Yajin aikin da aka ce na 'yan kwanaki ne ya miƙe, wata ya mutu wani ya kama.

Ban san ranar da ya daina ƙifta idon ba. Na dai lura wata safiya ya amsa wayar ya ajiye, ni kaɗai nake murmushi. Sai zirga-zirgar ta ragu. Da yana jona cajin a tsaye yana ƙorafi, ko ya zauna a hannun kujerar falo, yanzu ya jawo kujerar robar nan da na tura bayan ƙofa ya mayar da ita wurinta. Ranar da na kawo masa shayi yadda yake so, sukari har cokali na tsayawa, ya kurɓa ya ajiye ya ce ya yi zaƙi, a yi masa wani ba sukari. Na ce Tsinke, kai ne kuwa? Ya ɗago ya kalle ni kamar na kira wani a bayansa.

Na kai ƙorafi wurin maƙwabciyata mai kitso, ta ce baƙin ciki ne, wanda ya rasa ɗan'uwa yakan ɗauki halinsa na ɗan lokaci, in bar shi. Na yarda don ina son in yarda. Bayan kwana kaɗan ita da kanta ta shigo aron dutsen guga, ta hango shi ta baya yana tafiya wajen famfo yana jan ƙafar hagu, ta saki salati ta dafe bango. Ta ce nauyin na'urar ne ke sa shi ɗingishi. Amma ba ta ɗauki dutsen gugar ba ta fita, kuma daga ranar sai dai ta aiko.

Fankar falo ta daɗe da mutuwa. Tsinke in kwan fitila ya ƙone ni nake hawa kujera in canza, don shi in ba injin mota ba ne bai san kansa ba, kuma yana tsoron wuta kamar maciji. Wata rana na dawo daga sayen zare na tarar fanka na juyawa, shi kuma yana zaune da tsohuwar jakar kayan aikin Yaya a cinya, yana naɗe salatif da hannun hagu. Yaya bahago ne. Na tambaye shi wa ya gyara, ya ce ƙaramin abu ne, waya ce ta saki, amma kada in faɗa wa kowa don an hana shi taɓawa. Na ce wa ya hana ka? Ya ci gaba da naɗe salatif ɗinsa.

A makon ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin Yaya. Ya ce hasken munduwar na hana ni barci. Na ce ni ban yi ƙorafi ba. Ya ce duk da haka. Washegari da azahar ina zaune a falo na cire ɗankwali saboda zafi, sai na ji gyaran murya a bakin ƙofa, aka yi sallama. Na ɗago, ga mijina, uban 'yata, ya juya baya yana kallon bango yana jira in rufe kaina. Na zauna ban motsa ba, na ce a raina bari in ga iyakar wasan. Ya tsaya. Fanka na ta juyawa, ina jin gumi na bin bayana, shi ko gezau. Ni ce na gaji na ɗaura ɗankwalin, sannan ya shigo ya zauna a kujerar roba ya jona wayarsa. Da 'yarmu ta dawo daga makaranta ta wuce ni ta je ta durƙusa a gabansa ta ce Baba Babba ina wuni. Na daka mata tsawa na ce babanki ne, ba ki da ido? Ta kalle ni ta kalle shi, ta fashe da kuka. Shi ya rarrashe ta, ya ce in bi ta a hankali, yarinya ce.

Mai motar da yake ja ya gaji da jira, ya sa aka kawo motar har ƙofar gida don ya zo ya ji ta bakinsa kafin ya ba wani dindindin. Aka danna hon ɗin nan da Tsinke ya sa mata da kansa, wanda duk unguwa ta sani. Tagogi suka girgiza. Na ruga falo ina cewa ga motarka, ga motarka. Yana zaune da waya a ƙafa, ya ce masu manyan motocin nan ba su da tausayin marasa lafiya. Ni na fita na ba mutumin haƙuri, ya ja motarsa ya tafi.

Ranar na yanke shawara. Na san sarai in aka yanke munduwar gidan yari za a kai shi, ba wanda ya fi ni sani. Amma gara in riƙa kai wa Tsinke abinci gidan yari yana tsokanata ta tsakanin ƙarafa, da in zauna da wannan bawan Allah mai ladabi a cikin gidana. Mijina nake so, da hayaniyarsa da komai. Bayan la'asar barci ya ɗauke shi a kujerar, kansa jingine da bango daidai inda kan Yaya ya bar tabon mai. Na ɗauko babban almakashina na yankan yadi, na durƙusa, na zura bakinsa tsakanin fata da madaurin. Ɗumin abin ya bi ƙarfen har yatsuna. Ban kai ga matsawa ba na ji magana a saman kaina, a hankali, idonsa ko buɗewa bai yi ba.

"Maman yarinya, kada ki jawo wa mijinki. Shi ya tsaya mini."

Almakashin ya suɓuce daga hannuna. Na ja da baya da gwiwa har na bugi keken ɗinki. Na kira shi Tsinke, na kira sunansa na yanka wanda ban taɓa faɗa a gabansa ba tun da aka ɗaura mana aure, na ce ka dube ni, ni ce. Ya gyara zama ya ci gaba da barcinsa.

Akwai wata lauya da nake yi wa ɗinki. Na je ofishinta na zayyana mata komai, ban da abin da na san ba za ta yarda da shi ba. Ta yi mini faɗa sosai, ta ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, me ya sa ban zo tun ranar ba. Sannan ta ce da sauran dama. Dokar ta tanadi a riƙa kiran ɗaurarre kotu a duba halinsa, kuma da an janye yajin aikin za a kira Yaya. Ranar, da magatakarda ya kira sunan mamacin, ita za ta miƙe ta sanar da kotu ya rasu, ta miƙa takardar likita, ta bayyana yadda aka shiga tsaka mai wuya, ta roƙa wa mijina sassauci. Ta ce abu ɗaya take so, ya yi shiru har sai an kira sunansa shi. Na dawo na faɗa masa, na maimaita, na sake maimaitawa. Ya ce to madalla.

Aka janye yajin aikin, Mai Jaka ya zo ya faɗa mana rana, ya ce kamfani zai buɗe wa mijina hanya daga gida zuwa kotu. Da safen na goge masa rigarsa da ya fi so. A bakin famfo ya ja ya tsaya, sai da na ce an ba da izini sannan ya ɗaga ƙafa. Muna tsaye bakin titi muna jiran tasi wata babbar mota ta wuce ta bule mu da baƙin hayaƙi. Sai na ga ya ɗaga kai ya bi ta da kallo, ya yi tsaki irin nasa na da, ya ce da ƙarfi wannan direban kashe injin nan zai yi, ji yadda take shan mai. Ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, ya ce ke kuma wa ya mutu kika ɗaure fuska haka? Na kama hannunsa na riƙe gam. Na ce a raina iska kawai yake buƙata, da an cire abin nan shi ke nan. A cikin tasi munduwar ta ɗan kaɗa, ta neman caji. Ya zare hannunsa daga nawa, ya matsa jikin ƙofa, ya roƙi direban ya rage gudu.

Kotun cike take, shari'o'in da suka taru lokacin yajin aiki duk an zubo su rana ɗaya. Benci ya yi ƙura, fanka ɗaya ce ke aiki, masu munduwa sun jeru kowa ya ja ƙafar wando ya rufe tasa. Alƙalin sabo ne, an canza wanda ya yanke hukuncin. Mai Jaka na can baya yana share gumi. Lauyar na gabanmu da takardar likita a hannu.

Da aka zo kanmu magatakarda ya kira cikakken sunan Yaya, har da na mahaifinsu. Lauyar ta dafa tebur za ta miƙe. Kafin ta gama miƙewa aka amsa daga gefena.

"Na'am, ranka ya daɗe."

Ya tashi ya ja ƙafar hagu ya shiga akwatin tsayuwa, ya haɗa hannuwa a gaba. Alƙali ya dubi hoton da ke cikin fayil, wani baƙin kwafi da ba a gane komai sai kunnuwa, ya dube shi, ya wuce. Ya karanta rahoton kamfani a fili. Ɗaurarren nan bai bar batir ya mutu ba ko sau ɗaya, bai taɓa ƙin amsa kira ba, rabon da ya gota iyaka an daɗe. Ya ce masu sukar sabuwar dokar su zo su ga irin wannan, ga mutumin da ya gyaru a gidansa ba tare da ya ci abincin gwamnati ba. Ya ce kotu ta yafe masa sauran wa'adin, a cire masa na'urar yanzu. Lauyar tana nan rabi a tsaye. Ta waiwayo ta dube ni, ta zauna a hankali, ta tura takardar cikin jakarta, ta raɗa mini in yi shiru, Allah ya yanke mini wahala.

Mai Jaka ya taho da sauri har yana tuntuɓe, ya durƙusa ya buɗe jakarsa. Na ji ƙarar buɗewar, ƙas. Koren hasken ya mutu. Fatar wurin ta yi fari fat, ta yi laushi kamar ta jariri. Mijina ya dawo ya zauna a bencinmu, ya bar tazarar mutum guda tsakaninmu. Hawaye na zuba mini, ina ta godiya ga Allah a zuci, ina jira ya juyo ya ce in share fuska na yi muni.

Alƙali ya ce saura a sallami wanda ya tsaya masa, a kira shi. Magatakarda ya kira sunan mijina. Na taɓa shi da gwiwar hannu. Aka sake kira. Na ce tashi mana, kai ake kira, ban damu da wa ya ji ni ba. Mutane suka fara waiwayen ƙofa don su ga mai sunan, shi ma ya waiwaya tare da su, ya daɗe yana duban ƙofar. Aka kira na uku. Alƙali ya ɓata rai, ya ce wanda ya ɗauki nauyi a gaban kotu ba ya raina kiranta, a aika masa da sammaci, in bai zo ba a kamo shi. Aka kira shari'a ta gaba.

Sai ya ɗan karkato wajena, idonsa a ƙasa, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Ki yi haƙuri da shi, maman yarinya. Haka yake tun yana ƙarami, ba ya zama wuri ɗaya. In ya dawo ki ce na gode. Ni yau zan nemi ɗaki in koma, na takura muku haka nan."

Ya miƙe ya rusuna wa alƙali, ya ja ƙafar hagu ya nufi ƙofa, ba komai a idon sawunsa.